Dokar Zaure Da Amsar Sallama A Gidan Intanet

Masu aiko mini da saƙon "Anti ina ci gaba?" ku ƙara haƙuri zuwa mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, domin yau wata magana ce daban ta kawo ni. So nake mu leƙa abin da ke faruwa a bayan labule tsakanin lokacin da mai karatu ya danna sunan babi a wayarsa da lokacin da rubutun ya bayyana a gabansa. Ɗan lokaci ne da bai fi ƙiftawar ido ba, amma a cikinsa ake yanke hukuncin ko marubuci zai ci guminsa, ko kuwa noma ya yi wa tsuntsaye.

Na san wani zai ce, to me ya haɗa marubuciyar littattafan kasuwa, wadda iyakar bokonta sakandare, da zancen kwamfuta? Abinci ne ya haɗa mu. A zamanin da muke buga littafi kashi na 1 da na 2 da na 3 mu kai kasuwa, mai shago shi ne ƙofa. In babu kuɗi babu littafi, in haya ce ma sai an ajiye wani abu. Yanzu kuwa da karatu ya koma cikin waya, littafin da ka kwana wata shida kana rubutawa, mutum ɗaya zai saya da safe, kafin la'asar ya zagaye rukunoni goma na WhatsApp, wani ma har ya goge sunanka ya ɗora nasa. Kuɗin makarantar yara da cefane kuwa ba su san wannan zancen ba. Shi ya sa na nemi a gina mini shafi nawa na kaina, inda za a karanta babukan farko kyauta, sauran kuma sai wanda ya biya.

Ɗan yayana da ke karatun kwamfuta a jami'a shi ya ɗauki aikin. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa, na ce duk abin da zai sa a ciki sai ya fassara mini shi da Hausa, domin ba na son zama a gidan da ban san inda makullansa suke ba. Ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, abin da yawa fa." Na ce masa wanda ya iya riƙe sunayen mutum arba'in a cikin labari ɗaya, da wanda ya auri wa da wanda ya saki wa, ba zai kasa riƙe wannan ba. Abin da zan faɗa muku a nan shi ne abin da na tsinta a waɗannan zaman da muka yi, kuma abubuwa biyu ne suka fi tsaya mini a rai: gado da amsa.

Da farko dai, masu gina shafi ba sa fara komai daga tushe. Akwai abin da suke kira firemwok, wato ƙwarangwal ɗin gini da wasu suka riga suka kafa, da ginshiƙansa da ƙofofinsa da hanyar ruwansa, kai dai ka zo ka yanka ɗakuna yadda kake so. Suna da yawa. Akwai Ruby on Rails da ya fito a 2004, da Django a 2005, da Laravel a 2011. Wanda aka gina mini nawa da shi sunansa Express, wani ɗan ƙasar Kanada mai suna TJ Holowaychuk ya fitar da shi a 2010, kuma yana tafiya ne a kan Node.js wanda Ryan Dahl ya ƙirƙiro a 2009. Kyauta ne, kowa na iya ɗauka. Dukkansu kuwa aiki ɗaya suke yi wa mai shafi: su karɓi buƙatar mai karatu, su bi da ita ta kan dokokin da aka shimfiɗa, su mayar da amsa.

Wannan tsari na buƙata da amsa ya girmi Express nesa ba kusa ba. Tim Berners-Lee, mutumin Ingila, shi ya kawo shawararsa a 1989 lokacin yana aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba, aka kuma sake shi ga duniya a 1991. Sunan ƙa'idar HTTP, haruffan nan da kuke gani a farkon adireshin shafi. Ni dai da sallama na kwatanta shi. Wayarki ta tsaya a ƙofar gida ta yi sallama ta ce, "Ina son babi na 7." A can ciki akwai saba, wato kwamfutar da ba ta barci wadda littattafan ke ajiye a cikinta, ita za ta amsa. Kowace sallama amsarta ɗaya ce.

To amma ba a yin tsalle daga titi a faɗa turaka. A gidanmu na gado sai ka bi ta zaure, ka wuce soro na biyu, sannan tsakar gida, sannan sashen wanda ka zo wurinsa. Haka Express yake. Buƙata tana bi ta hannun 'yan zaure ne ɗaya bayan ɗaya, bisa jerin yadda aka rubuta su daga sama zuwa ƙasa. Ɗan zaure na farko zai iya rubuta wanda ya zo da lokacin da ya zo. Na biyu ya duba ko mun san shi. Na uku ya duba ko ya biya. Kowane ɗayansu abu biyu ne a gabansa: ko dai ya amsa da kansa zance ya ƙare a nan, ko ya miƙa baƙon ga na gaba. In kuwa ya yi shiru, bai amsa ba bai miƙa ba, to baƙo zai yi ta tsayuwa. Wannan ne lokacin da kike ganin ɗan zoben nan yana ta juyawa a waya har ki gaji ki zagi kamfanin layi, alhali babu ruwansu. Bahaushe ya ce shiru ma amsa ce, amma ban da a nan.

Yanzu ga inda gado ya shigo. Adireshin shafi kamar zuri'a yake. Akwai kaka, wato gidan gaba ɗaya. A ƙarƙashinsa akwai sashen littattafai. A ƙarƙashin wannan akwai kowane littafi da sunansa, a ƙarƙashin kowane littafi kuma akwai babukansa. Duk dokar da aka kafa a ƙofar sashen littattafai, to ta hau kan kowane littafi da kowane babi da ke ƙarƙashinsa, na yau da wanda ba a ma rubuta ba tukuna. Ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ana maimaitawa ba. Kamar rubutun "Ba Shiga" ne da ake yi da alli ko gawayi a jikin zaure. Ba a sake rubuta shi a ƙofar ɗakin kowace mata, kuma amaryar da za a kawo baɗi ma ya rufe ta tun ba ta zo ba.

Da muka zo nan sai ɗan nawa ya yi mini tambayar da na ɗauka ƙarama ce. Ya ce, "Gwaggo, wanne kike so? A bar gidan a buɗe mu riƙa kulle babukan kuɗi ɗaya bayan ɗaya, ko a kulle gidan duka mu riƙa buɗe na kyauta ɗaya bayan ɗaya?" A ido duk ɗaya ne, domin a ranar da aka gama aikin mai karatu ba zai ga bambanci ba. Babi na 1 zuwa na 5 a buɗe, na 6 zuwa ƙarshe a kulle. Bambancin sai ranar da aka yi mantuwa yake fitowa. Na san yadda nake ɗora babi: ƙarfe ɗaya na dare, wuta ta ɗauke, cajin waya saura kaɗan, ƙaramin yaro yana kuka. A irin wannan daren, babin da aka ɗora ba a ce komai a kansa ba, me zai gada? In gidan a buɗe yake, buɗewa zai gada, kafin asuba an kwafe shi ya shiga duniya. In gidan a kulle yake, kullewa zai gada, iyaka dai wata mai karatu ta yi mini waya ta ce babin kyauta ya ƙi buɗewa, in ba ta haƙuri a gyara cikin minti biyu. Asara ta farko ba ta da magani, ta biyu kuwa ban-haƙuri ne maganinta. Na ce a kulle duka. Ya ce abin da malamansu ke koya musu ke nan a darasin tsaro, a hana komai sai abin da aka halatta da suna. Na ce masa kakarsa ma da ba ta shiga aji ba haka take yi da ɗakin ajiyarta.

Sai dai akwai wani sharaɗi a wannan gado wanda ya kamata kowane marubuci ya sani. A Express, mutum yana gadon dokar da aka rubuta a samansa ne kawai. Dokar da ta zo a ƙasansa ba ta same shi ba, domin kafin a iso gare ta ya riga ya amsa. Akwai wata jaka da ake zuba hotunan bangon littafi da kayan adon shafi a ciki, kuma yawanci a can sama ake sa mai raba su, gaban mai duba biyan kuɗi, saboda kowa ya kamata ya ga bango ko bai biya ba. Mai rabon nan ba ya tambayar kowa komai. Duk fayil ɗin da ke cikin jakar, in ka san sunansa, zai miƙo maka. Wata abokiyar sana'ata, wadda ba zan kama sunanta ba, a nan aka yi mata sakiyar da ba ruwa. Wanda ya gina mata shafi ya ajiye cikakken littafinta a jaka ɗaya da hotunan bango. Ƙofar babuka tana nan a kulle da kwaɗo, ana ta biya ana shiga, har ranar da wani ya gano adireshin fayil ɗin ya watsa. Babu wanda ya fasa mata ƙofa. Kayan ne aka ajiye a waje da zaure. Littafin da ta ɗora wa burin biyan kuɗin haya, cikin kwana biyu ya zama na kowa. Ranar da ta ba ni labari tana hawaye, da daddare na sa ɗan yayana ya buɗe mini jakar nan na ƙirga abin da ke ciki da idona.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne ba kowane gado ne yake tafiya iri ɗaya ba, kowace manhaja da irin nata hukuncin. A Express ana iya gina ƙaramin gida a ɗora shi a cikin babba, kamar sashen masu kula da shafi. Ƙaramin yana gadon saitin babban ne a inda shi ba shi da nasa na asali. Inda kuwa aka haife shi da nasa, to da nasa zai yi aiki ko da babban ya sauya, sai an je an gaya masa da baki, ban da 'yan wurare kaɗan da aka keɓe. Haka kuma tun daga Express na 4 da ya fito a 2014 ake iya raba hanyoyi rukuni-rukuni, amma rukunin babuka ba ya sanin sunan littafin da yake ƙarƙashinsa sai an kunna masa wani saiti musamman. In ba a kunna ba, za a ce masa babi na 7, ya rasa na wane littafi.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne na Nginx, wata manhaja da Igor Sysoev ya fitar a Rasha a 2004, wadda ake yawan tsayarwa a gaban Express kamar mai gadin bakin titi. A wurinta, bisa tsarinta na asali, in uba ya jera umarni biyar na bayanan da za a liƙa wa kowace amsa, ɗa zai gaje su duka matuƙar bai kawo nasa ba. Ranar da ya ƙara nasa guda ɗaya tak, to biyar ɗin nan sun zube, saura nasa kaɗai. Mutum yana zaton ƙari ya yi, ashe musanya ya yi. Babu ƙararrawar da za ta kaɗa, shafi zai ci gaba da buɗewa lafiya lau, sai dai sashen nan ya tuɓe rigar tsaron da sauran gidan ke sanye da ita. Albasa ba ta yi halin ruwa ba ke nan. Saboda haka kalmar "ai ya gada" ba ta isa hujja ba, sai an je an duba abin da ya isa hannun mai karatu.

Akwai gadon da nake yi wa addu'a kullum, shi ne na haruffanmu masu lanƙwasa. Waɗanda suka yi karatu a intanet a shekarun 2000 za su tuna yadda ƙ da ɗ da ɓ suke komawa akwatuna ko alamar tambaya ko wasu tarkacen da ba su da ma'ana, har muka koma rubuta k' da d', wasu kuma suka watsar da lanƙwasar gaba ɗaya. Sai ka rasa ko baƙi ne suka zo ko baki, ko ƙafa ake nufi ko kafa. Wani lokaci kwamfutar ce ba ta da zanen harafin, wani lokaci kuma amsar ce ba ta faɗi da wane tsarin haruffa aka rubuta ta ba, sai burauza ta yi kirdado. Tsarin da ya raba wannan gardama shi ne UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. Express da kansa yake liƙa wannan shaida a jikin rubutun da ya aika, don haka kowane babi nawa da ita yake fita ba tare da na tuna ba.

Akwai kuma gadon da dole ɗa ya ƙi karɓa. Domin a rage wa masu karatu cin data, a saman gida an ba da izinin a riƙa ajiye kwafin abin da aka buɗe, ko a cikin waya ko a rumbunan da ke kan hanya, yadda gobe ba sai an sake ɗauko shi daga nesa ba. Wannan alheri ne ga hoton bango. Amma in babin kuɗi ya gaji wannan izini, rumbun kan hanya zai iya riƙe kwafin da aka ba wadda ta biya, ya miƙa wa na bayanta wanda bai biya ba, mai duba biyan kuɗi bai ma san an zo ba. Don haka a ƙofar babukan kuɗi aka rubuta doka ta musamman mai soke ta sama: wannan na mutum ɗaya ne, kada a ajiye. Kyan ɗa ya gaji ubansa, gaskiya ne, amma ban da rigar da ba ta yi masa daidai ba.

Mu koma kan amsa. Amsar da saba ke aikowa kamar wasiƙa take, kashi uku. Farko lamba mai gida uku da ke faɗin yadda aka kwashe. Sai bayanan bayan ambulan, irin su wane irin kaya ne a ciki, da wane tsarin haruffa, a ajiye ko kada a ajiye. Sai kuma takardar kanta. Lambar 200 ita ce "ga shi, lafiya lau", ba ma ganinta saboda in komai ya tafi daidai ba a nuna ta. Waɗanda suka fara da 3 suna nufin an koma wani wuri. Waɗanda suka fara da 4 suna nufin matsalar daga mai nema take, kamar 404 da kowa ya sani, wato babu abin da kake nema a nan, da 403, wato na ji buƙatarka amma ba zan ba ka ba. Waɗanda suka fara da 5 kuwa gida ne ke amsa laifinsa, kamar 500.

Tunda lamba da bayanan ambulan su ke fara fita kafin takarda, da zarar sun tafi bakin alƙalami ya bushe. Ba za ka ce 200 ka fara miƙa babi, sannan a tsakiya ka tuna ba a biya ba ka ce a mayar da shi 403 ba. In mai gina shafi ya yi ƙoƙarin amsa sallama ɗaya sau biyu, Node.js zai ƙi, ya jefo masa ƙorafin cewa ba a taɓa bayanan ambulan bayan an aika. Ɗan yayana ya ce da wuya a sami ɗalibin da bai taɓa cin karo da wannan ƙorafi ba. Ni kuwa na ce ai kakanninmu sun riga su, magana zarar bunu ce. Mu marubuta mun san zafin wannan tun zamanin ɗab'i, in an buga kwafi dubu da kuskure a shafi na 12, to dubun nan da shi za su shiga kasuwa. Wannan ne dalilin da ya sa duk wani bincike, na waye kai da na ka biya, dole ya zo kafin a buɗe baki.

Wani abin lura kuma, aika amsa ba ya tsayar da aiki. In ɗan zaure ya ce wa baƙo "ba ka biya ba", amma ba a rubuta masa umarnin ya dakata a nan ba, to layukan da ke ƙasa za su ci gaba da gudana kamar ba a yi komai ba. Mai karatu ya ga an hana shi, alhali a bayan fage an rubuta cewa ya karanta, ko an zare masa wani abu daga ajiyarsa. Kalma ɗaya ce tak ake mantawa ta jawo haka. Wannan ya dame ni fiye da satar littafi, domin wadda ta tara naira 500 daga kuɗin cefane ta biya ni amana ta ba ni, kuma haƙƙinta ba zai bar ni in yi barci ba. Na sa muka gwada kowace ƙofa da kanmu: wanda bai shiga da sunansa ba, wanda ya shiga bai biya ba, wanda ya biya littafi ɗaya yana neman wani, da wanda ya biya amma sanarwar banki ta makara.

Ko a cikin lambobin ma akwai masu wuyar janyewa. In aka sauya wa littafi adireshi, ana iya cewa 302, wato ya ɗan koma can na wani lokaci, ko a ce 301, wato ya tashi ke nan har abada. Burauza tana riƙe 301 a ranta, gobe ba za ta ma tambayi tsohon gidan ba, kai tsaye za ta wuce sabon. In ka yi gaggawar faɗinta sannan ka sauya shawara, ka shiga aikin bin wayoyin da ba ka san inda suke ba. Kamar saki uku ne a cikin fushi.

Lambar da ta fi ba ni dariya ita ce 402, ma'anarta sai an biya. Tana cikin kundin ƙa'idar HTTP na 1997, an rubuta cewa an tanade ta domin amfanin gaba, kuma da aka sabunta kundin a 2022 haka aka sake barin ta. Wato shekara 25 masana suna ajiye da lambar biyan kuɗi ba su gama shawarar yadda za a yi da ita ba. Wasu kamfanoni dai suna amfani da ita yadda suka ga dama, ni ma na ce ita nake so a ba wanda ya shigo bai biya ba, domin ita ta faɗi gaskiyar lamarin. Akwai kuma 451 da aka tabbatar a 2016, wadda ke nufin hukuma ce ta hana a nuna abin. An ɗauko lambar ne daga sunan littafin Ray Bradbury na 1953, Fahrenheit 451, wanda ke ba da labarin ƙasar da ake ƙona littattafai. Mu da muke cikin wannan sana'a lokacin da aka ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007, ba sai an yi mana dogon bayani a kanta ba.

Wuri ɗaya muka yi 'yar jayayya da ɗan nawa. Shi yana ganin duk abin da mutum ba shi da izinin gani a ce masa 404 kawai, kada ma ya san akwai shi, kuma ƙa'ida ta yarda da hakan. Na ce a babin da ban gama rubutawa ba na yarda, domin ba na son a san ma ya wanzu. Amma babin da na tallata da bakina, mai karatu ta zo nema a ce mata babu, wannan ƙarya ce, kuma kasuwa ba ta ɗorewa a kan ƙarya. Ya ce, "To Gwaggo, ke ce mai gida." Haka aka yi.

A can ƙarshen jerin 'yan zaure akwai mutum biyu da ake ajiyewa. Ɗaya shi ke amsa wa wanda ya zagaye gidan duka ba a sami abin da yake nema ba. Ɗayan shi ke tarar duk wata ɓarna da ta auku a ciki. In ba a rubuta musu abin faɗa ba, Express zai amsa da nasa guntun Turancin mai sanyi, in ma ba a gaya masa cewa an gama gwaji an buɗe wa jama'a ba, har asirin cikin gida zai zazzage wa baƙo, da sunayen fayiloli da layin da aka yi tuntuɓe. Na ce lamba taku ce ku da injinanku, amma kalmomin da ɗan Adam zai karanta nawa ne. Na zauna na rubuta su da Hausa kamar yadda nake rubuta zancen taurarin littafina. Wadda ta ɓata hanya ana ce mata ta yi haƙuri, babu wannan shafin, ga hanyar komawa jerin littattafai. Wadda ba ta biya ba ana gode mata da ta biyo labarin har nan, a nuna mata yadda za ta ci gaba. In kuma gida ne ya sami matsala, ana gaya mata laifin daga gare mu yake, kuɗinta na nan ba su ɓata ba, ga inda za ta neme mu. Sau ɗaya na rubuta su, kuma duk littafin da zan ɗora nan gaba ya gaje su.

Shawarata ga 'yan uwana marubuta, musamman mata da muka fi yawa a wannan fage, ita ce kada kunya ko "ban yi karatu ba" ta hana ku titsiye wanda zai gina muku shafi. Ku tambaye shi, babin da na ɗora ban ce komai a kansa ba, a buɗe yake ko a kulle? Ku tambaye shi, ina cikakken littafin yake kwana, gaban mai gadi ko bayansa? Ku tambaye shi, wane sashe ne ya fita daga dokar gida, kuma da ya fita me ya zubar? Ku tambaye shi, wadda ta biya aka sami tangarɗa, me za ta gani a wayarta? In ya kasa amsa muku da Hausar da za ku gane, to ko dai shi ma bai gane ba, ko kuwa bai ɗauke ku masu gida ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma waɗannan tambayoyi kafin a ɗora babin farko ake yin su.

Ku kuma masu karatu, wanda ya sami littafin da ya san na kuɗi ne yana yawo kyauta, ya tuna akwai wadda ta hana idonta barci a kansa. Allah Ya ba mu halal komai ƙanƙantarta, Ya sa albarka a alƙalumanmu, Ya shirya mana zuri'a. Ina jiran ra'ayoyinku da gyararrakinku kamar kullum, musamman ɗalibai masu karatun kwamfuta. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu mako mai zuwa da yardar Mai Duka.

Taku har kullum.